Yadda Chindo Ya Gwada Maganin Amai

A Tsarnawa, in kanka na ciwo, ka faɗa a hankali kada Chindo ya ji. Shekara tara ke nan da ya yi gadin ƙofar wani ƙaramin gidan likita wajen Badagishiri, wata huɗu cur, kafin a sallame shi saboda an kama shi yana rubuta wa mutane magani a bayan kwalin sukari. Ya dawo gida da tsohuwar farar riga mai aljihu uku, da bik ja na rubutu, da kalmar Faransanci guda ɗaya, wato "normalma", wadda yake jefawa duk inda magana ta fi ƙarfinsa. Mutane suna ce masa Likita don tsokana, shi kuwa yana amsawa da gaske.

Yayansa Abdulwahab ba haka yake ba. Manomi ne mai shiru-shiru, baki goma sha ɗaya ke ci daga rumbunsa. Shekara biyu ƙaba tana cinsa, har bara ya yi rabin damina a duƙe yana riƙe da mara, geron da ya samu bai kai su bazara ba. Da ƙyar aka samo masa ranar aiki a wani asibiti a Ƙonni, inda likitan fiɗa yake zuwa daga nesa lokaci-lokaci. An ce bayan aiki sai ya yi sati shida bai taɓa hauya ba. Da aka ƙirga, sai aka ga zai warke daidai saukar ruwan fari. In ranar nan ta kuɓuce, damina ta kuɓuce, kowa a gidan ya san haka.

Abin mamaki, Abdulwahab ba wuƙa yake tsoro ba, amai yake tsoro. Ya taɓa zuwa dubiya ya ga wani ya farka daga allurar barci yana kelaya amai, ya dafe ɗinkin cikinsa yana kiran uwarsa da ta rasu. Ga shi kuma shi kansa ko Malbaza za shi a mota sai ya nemi wurin taga.

Sati ɗaya kafin ranar, suka je ganin Madam Fadila, ma'aikaciyar da ke yi wa mutane allurar barci. Matarsa Binta ta raka shi. Chindo ba wanda ya gayyace shi, amma ya riga su shiga mota da farar rigarsa.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Madam Fadila. "Maganin hana amai iri ukku muke da shi nan. Guda ana sa shi cikin jijiya tun farkon aiki, sai dai mukan yi hattara da shi ga mai ciwon suga. Guda sai an kusa gamawa, yakan bar ma wasu ɗan ciwon kai. Na ukkun yana sa barci."

"To wane yaf hi?" in ji Chindo, ya zare bik.

"Mutum muke dubawa, Malam. Mace ta fi namiji saurin amai, wanda ba ya shan taba ya fi mai sha, mai amai cikin mota kuma muna sa mishi ido sosai. Irin Baba, biyu za mu haɗa mishi."

"Ashe in Yaya ya hwara shan taba yau…"

"Kada ka soma," in ji Madam.

"Normalma dai ya kamata a san wanda yaf hi."

"Kai wane ne nashi?"

"Ƙane nai na. Kuma abokin aikinki, a wani ɓangare."

Madam Fadila ta dubi rigar, ta dubi silifas ɗinsa, ta juya wajen Binta ta ce daga tsakar daren ranar aiki kada ya ci komai, kada ya sha fura, kada ya sha kunu. Ta faɗa sau biyu. Binta ta ƙulle maganar a ranta. Chindo ma ya ji, amma hankalinsa ya riga ya yi gaba. Mai amai a mota shi ne mai amai bayan aiki, haka Madam ta ce da bakinta. To me ya rage? A samo masu amai a mota, a ba kowa maganinsa daban, a girgiza su, a ga wanda ya tsira. Har tausayin likitocin ya ji, da suka yi shekaru a lakwal, wato makaranta, wannan dabara ba ta zo musu ba.

Masu amai ba su yi wuyar samu ba, don Tsarnawa ta san nata. Akwai Inna Gimbiya, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda aka ce ko a amalanke takan ji jiri. Akwai Salisu tela. Akwai Isma'il mahauci, ƙato, mai yanka bijimi ko gezau, amma da mota ta tashi sai ya koma kamar jiƙaƙƙiyar kaza. Duk suka yarda da aka ce don Abdulwahab ne, domin mutum ne da ba ya da abokin faɗa. Mota kuwa ta Rabilu ce, tsohuwar hiyas mai warin tumaki da fetur. Dama za shi Badagishiri ɗauko albasa, ya ce zai kai su ko don ya ga ƙarshen abin.

Da hantsi aka taru a bakin kwalta, har da 'yan kallo. Chindo ya buɗe sabon littafi, ya ja layi huɗu da jan bik. Ya ba Isma'il ƙwayar hana amai a mota da ya sayo a kantin magani. Ya ba Inna Gimbiya ɗanyar citta. Ya ba Salisu lemun tsami uku.

"Layi na huɗu hwa?" in ji Rabilu.

"Nawa na. Ni ba ni shan komi, don a ga bambanci tsakanin ciki da ciki. Ni tun da uwata ta haihe ni amai bai san hanyar bakina ba."

Binta, da ke tsaye da tulu a ka, ta ce, "Allah shi tsare, Likita. Ka dai riƙe hulakka da kyau."

Suna barin gari Chindo ya ce a sauka daga kwalta a bi hanyar daji, don kwalta ba ta girgiza mutum yadda ilimi yake so. Rabilu ya ce da ma ya fi son can, babu jandarma. Hanya ce mai tudu da kwari kamar bayan kada. Mota ta fara rawa, ƙofar baya tana tafi. Chindo na gaba, ya sunkuyar da kai yana rubuta lokaci, bai san abin da ke gudana a bayansa ba.

Abin da ke gudana kuwa shi ne ladabi. Ɗan Tsarnawa ba ya kai abu baki a cikin mutane bai ce bismillah ba. Inna Gimbiya ta ɗago cittarta ta ce, "Bismillanku." Salisu ya gutsura don kada ya ƙi tayin babba, sannan ya yanka lemunsa ya miƙa mata rabi. Ita dama ba ta da haƙoran citta, sai ta tura masa sauran ta kama tsotsar lemu. Isma'il ya riga ya haɗiye ƙwayarsa, ba shi da abin tayi, sai ya ji kunya ya ciro kilishi daga aljihu ya raba wa kowa.

Da Chindo ya waiwayo don ya duba marasa lafiyarsa, ya tarar da mai citta tana shan lemu, mai lemu yana tauna citta, kowa da kilishi a hannu.

"Kai! Wa yac ce ku yi musanya?"

"Yo ɗan nan, in ci ni ɗai suna kallo na?" in ji Inna Gimbiya. "Ba a yi mani wagga tarbiyya ba."

"Inna, ilimi na muke yi, ba biki ba!"

"To ilimin naka bai iya gaisuwa ba?"

Sai mota ta faɗa wani rami ta fito. Gumi ya tsattsafo wa Salisu a goshi, ya leƙa taga ya sauke. Iska kuwa ba ta karɓi kyautar ba, ta maido rabi cikin mota, daidai kan layi huɗun nan na jan bik. Chindo ya ɗaga littafin yana salati, ya cire hula don ya goge, Inna Gimbiya ta miƙo hannu ta fizge hular daga baya, ta yi abin da za ta yi a ciki, ta maido masa da ladabi tana cewa Allah ya yi masa albarka.

"Rubuta, Likita," in ji Rabilu yana dariya har sitiyari na kaɗawa. "Lemu ya hwaɗi, citta ta hwaɗi."

"Normalma…" in ji Chindo, sai kalmar ta tsaya masa a wuya. Rabin awa ya yi yana rubutu kai a sunkuye cikin warin fetur, ga kilishi, ga hula a cinya. Ya ji duniya ta juya. Ya ce a tsaya zai duba taya. Rabilu ya ce tayarsa lafiya lau. Ya ce to a tsaya don Allah da Annabi. Kafin mota ta gama tsayawa ya dirga, ya rungumi wata bagaruwa a bakin lambun mutane, ya yi ta yi har sai da masu ban ruwa suka bar aikinsu suka zo kallo.

"Wane na wanga?" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Likitanmu na," in ji Inna Gimbiya daga taga. "Mu ne marasa lahiyar."

Duk wannan abin Isma'il bai san ana yi ba. Tun bayan rabon kilishi ƙwayar ta kwantar da shi, ya jingina kai da kafaɗar Salisu yana minshari, rigarsa tsaf ko ɗigo babu. Rabilu ya nuna shi ya ce, to ai ga wanda ya ci gasa nan.

Chindo ya goge baki, ya dubi Isma'il da jajayen idanu. "Mai kwana ba ya shaida," ya ce. "Wa yas san abin da za shi yi da idonai biyu? An hidda shi."

Sai ya tsaya, ya ƙura wa Rabilu ido. Ga mutum garau, ya sha girgiza iri ɗaya da kowa, har yana fito.

"Rabilu, mi kas sha da sahe?"

"Ni? Hura ta. Ƙwarya guda, da nono, ta ji citta da barkono."

Chindo ya ji kamar an kunna fitila a kansa. Bai tsaya ya tuna cewa mai tuƙi ba ya amai ko da iska ya karya kumallo ba. Ya nemo shafi mai tsabta, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa fura ta kayar da ƙwaya da citta da lemu. Suka dawo gari da la'asar, 'yan kallo suka tarye su da toshe hanci, shi kuwa ya sauko ba hula yana ɗaga littafi kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Binta ta ji labari, ta tare shi a ƙofar gida ta ce in ya kusanci mijinta da ko ludayi ne, sai ta fasa masa ƙwaryar a ka. Chindo ya ce ai shi ba ya jayayya da wanda bai yi bincike ba. Ya jira ranarsa.

Ranar aiki tun da sassafe suna asibiti. Mutum goma sha huɗu ne a kan bencin jira a gindin dogon yaro, kowa da 'yan rakiyarsa da tabarmi da butoci. Abdulwahab ne na biyar. Leɓensa ya bushe, cikinsa na kukan yunwa. Sai aka aiki Binta ta je kantin magani ta karɓo ledar ruwa da safar hannu. Tana ba da baya Chindo ya ɓullo daga bayan bishiya da ƙwarya an rufe da faifai.

"Yaya, yi maza."

"Madam ta hana, Chindo."

"Madam ta karanta cikin takarda, ni na gani da idona. Mutum biyar munka shiga mota, wa yat tsira? Mai hura. Ciki wohi shi ka kawo tashin zucciya, kai ma ka sani. Ko kana so ka hwarka kana riƙon ɗinki kana kiran Innarmu?"

Nan ya taɓa masa inda ke ciwo. Abdulwahab ya dubi ƙwaryar. Fura ce ta gaske, mai kauri, nono ya kwanta a kai, ƙamshin citta na tashi. Tsoro da yunwa suka haɗu suka rinjayi hankali. Ya karɓa, kuma da yake ɗan gidan mutunci ne, sai ya juya wajen tsohon da ke kusa da shi, wani dattijo daga Illela da 'ya'yansa uku ƙarti suka kawo, ya ce, "Bismillah, Baba." Tsoho ya ce ai ba a ƙin tayi. Suka yi ta miƙa wa juna ludayi har ƙwarya ta nuna gindinta.

Ba a jima ba Madam Fadila ta fito da takarda tana bin layi, tana tambayar kowa ko ya ci wani abu. Binta ta dawo daidai lokacin da aka iso kan mijinta.

"Baba Abdulwahab, ka ci wani abu tun jiya?"

Abdulwahab ya sunkuyar da kai. Bai iya ƙarya ba, bai kuma iya faɗa ba. Da Chindo ya yi shiru ma, da gemun yayansa ya ba da shaida, don nono na nan fari a jiki. Amma ina, Chindo ya riga ya gyara farar riga ya shiga tsakiya da littafi.

"Madam, ki aje alluranki guda biyu, na hutasshe ki. Na gwada magani ukku bisa mutum biyar, hanyar daji, kilomita talatin. Wanda yac ci shi na ba shi."

"Me ka ba shi?"

"Hura. Ƙwarya guda. Normalma…"

"Yaushe?"

"Yanzu-yanzun ga, da ɗuminta ta gida."

Madam Fadila ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Chindo tsoro ke nan. Ta ce in mutum ya yi barcin allura, maƙogwaronsa ma barci yake yi. Abin da ke ciki yana iya tasowa ya gangara huhu, mutum ya tafi ke nan ba sallama. Ta ce ba don mugunta ake hana mutane ci ba. Fura mai nono irin wannan sai ta yi awa shida ko fiye kafin ta bar ciki, likita kuwa da azahar zai kama hanya, wasu na jiransa a wani gari.

"To a sa shi na ƙarshe mana," in ji Chindo, murya ta fara sirancewa.

"Na ƙarshe ma kafin azahar ne. Wuri na gaba sai nan da sati biyar." Ta ja layi a kan sunan.

"Ɗiyata," in ji tsohon Illela yana ɗaga yatsa, "in don hura ta, ni ma na ɗan kurɓa."

Madam ta rufe ido, ta buɗe, ta ja layi na biyu. Ƙartin nan uku suka miƙe a tare. Binta ta riga su, ta ɗauki ƙwaryar ta cika alkawarinta, ƙwarya ta rabe biyu a kan Likita, sauran fura ta gangaro kan farar riga. Chindo ya zagaya dogon yaro sau biyu, ya tsallake tabarmar wasu mata, ya yi tuntuɓe da buta, daga ƙarshe ya laɓe a bayan Madam Fadila yana cewa a tuna asibiti wurin natsuwa ne. Masu jira suka yi ta dariya, har wani mai ƙaba ya riƙe mara yana roƙon a bari haka nan kada tasa ta fashe. Da ƙyar tsohon ya janye 'ya'yansa, ya ce shi dai fura ta yi daɗi, kuma ba wanda ya ɗura masa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Abdulwahab na zaune yana ƙirga da yatsu, sati biyar na jira, sati shida na jinya. Chindo ya hango yatsun nan suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da ake ƙirgawa, shuka da noman fari da maimai duk sun faɗa ciki. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya fi son a ce ƙartin sun same shi.

"Yaya," ya ce a hankali, "ni don kai niy yi."

"Na sani," in ji Abdulwahab. "Ni ma da bakina nis sha." Ya naɗe tabarmarsa. "Amma gona ba ta san wannan ba. Ruwa na sauka, kai za ka shiga."

"Ni? Yaya, shekara tara rabona da…"

"Duka. Har ta bakin hwadama."

An yi wa Abdulwahab aiki sati ɗaya kafin ruwan fari, shi da tsohon Illela rana ɗaya. A wannan karon Binta ta bar Chindo a gida, ta sa Isma'il mahauci ya zauna a ƙofa. Madam Fadila ta haɗa masa alluranta biyu, ya farka lafiya, ko tashin zuciya bai ji ba, sai ɗan ciwon kai da ya wuce kafin magariba.

Chindo kuwa ya yi shuka da sungumi har tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Da noman fari ya zo, kullum da safe akan kawo Abdulwahab a amalanke a ajiye shi a inuwar gawo, ya miƙe ƙafa yana duba aiki. Hanyar kasuwa ta bi ta gefen gonar, saboda haka ba mai wucewa bai tsaya ya gaida Likita ba. Wata rana Rabilu ya tsaya da motarsa, Inna Gimbiya na ciki ta leƙo da lemu a baki.

"Sannu da aiki, Likita! An ce mai jiki ko amai bai yi ba."

Chindo ya miƙe da ƙyar, ya dafe ƙugu, ya share gumi. "Ko ɗigo," ya ce. "To ku tambayi kanku, wa yas sa Madam ta maida hankali gare shi haka? Duk asibitin nan babu wanda anka sani kamar Yaya. Normalma, in ba don ni ba…"

"Chindo," in ji Abdulwahab daga inuwa, "ka baro ciyawa bayanka."

Chindo ya waiwaya. Gaskiya ne, ya baro, kuma da yawa. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya koma farkon layi.